Jan-bakin Malam Habibu

Ina shanyar kuɓewa a tsakar gida bana da hantsi, sai na ji wani sauti ta gabas kamar ana zuba tsaba a ƙwarya. Tun ban ɗaga kai ba na san ko mene ne. Jan-baki ne, ɗan mitsitsin tsuntsun nan da ba ya tafiya shi kaɗai, in ya taso sai ya rufe rana. Ya bi ta kan dutsen da ke bayan ƙauyenmu ya yi yamma, inuwarsa ta ratsa tsakar gidan ta wuce. Jikokina suka fita da gudu suna tsalle wai sun ga abin kallo, ni kuwa na jawo kujera na zauna. Rabona da ganinsa da yawa haka shekara talatin da wani abu. Mutumin da ya jawo mana shi a wancan karon yana nan da ransa, gonarsa tana iyaka da tawa, maiwarsa ta fara fid da kai. Da na tuna haka sai na ji ina murmushi, kuma ban yi ƙoƙarin hana kaina ba.

Sunansa Malam Habibu. Ɗan gidan sarauta ne daga Kazaure, ba mai rawani ba, irin na gefen nan da aka sa a boko suka zama ma'aikata. Koyarwa yake yi a Kano, yana kuma rubuta littattafai a kan itatuwa da tsuntsaye da ƙwari, abubuwan da mu takawa muke yi mu wuce. Kakansa ya bar masa fili a gindin dutsenmu, nan ƙasar Roni, rabinsa kurmi ne na gabaruwa da farar ƙaya da magarya, sarƙaƙiyar da ko akuya ba ta ratsawa. A bakin kurmin ya gina ɗaki biyu da rumfa. Duk dogon hutun damina sai ga motarsa tana tangal-tangal a cikin taɓo, da akwatin littattafai da madubin hangen nesa, ya ce hayaniyar birni ba ta barin alƙalaminsa ya yi tafiya, sai ya zo nan hankalinsa yake dawowa jikinsa.

Mu kuwa murna muke yi da shi, ba zan ɓoye ba. Yana durƙusa wa tsofaffi, yana zuwa da sukari da ganyen shayi, har a rediyo ya taɓa ambaton dutsenmu, ranar mai unguwa ya yini yana gyara zaman hula. Gonarmu ce ta farko in ka fito daga kurmin, saboda haka mu ne maƙwabtansa. Maigidana yana duba masa ɗakunan da rani, ni kuma in ya zo ni nake masa tuwo da fura. Ina kai masa abinci sai in tarar da babban mutum da gemunsa ya kwanta rub da ciki yana kallon buzuzu yana mirgina kashin shanu, har tuwon ya huce. Ya ɗago ya ce, Hanne, me kuke ce wa wannan? In gaya masa, ya rubuta. In na dawo gida in kwaikwaye shi, mu yi ta dariya ni da Goggo, uwar maigidana.

Shekarar da nake ba da labari ruwa ya makara. Bazara ta yi ta ja, zafi ya kai in ka taka ƙasa ba takalmi sai ka yi rawar da ba ka shirya ba, randa ta daina sanyaya ruwa, kaji suna buɗe baki a gindin rumbu. Hadari ya taso ta gabas baƙi ƙirin, mu kwashe shanya da gudu, sai iska ta zo ta watsa shi. Maza suka yi binne, wato suka zuba iri a busasshiyar ƙasa suna jiran ruwa, yayyafi ya zo ya ruɗe shi ya tsiro, rana ta ƙone shi. Aka sake. Aka fita roƙon ruwa, aka yi sadakar gumba. Da ruwan gaske ya sauka, har na ji ƙamshin ƙasa a harshena, Goggo ta fito tsakar gida ta tsaya yana dukanta tana hamdala. Amma lokaci ya riga ya ja. Geron da ya kamata a ce yana rumbu kafin tsuntsu ya waiwayo mu, sai ga shi yana tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa da maiwa.

Sai dai fa ya yi kyau. Aka yi noman fari, aka yi maimai, gayya tana zagayawa gona-gona, mu mata muna dakan fura tun asuba muna kaiwa a ka. Gonarmu ta yi duhu, kara ya fi maigidana tsawo, zangarniya kamar damtsen yaro. Da yamma yakan dawo da ƙafa duk taɓo ya ce mini bana sai ya ƙara rumbu. Mutum ne mara yawan magana, in ya faɗi haka to ya gani ne.

Gero yana bununi, wato yana fure, jan-baki ya sauka a kurmin Malam. Cikin 'yan kwanaki kowace gabaruwa ta cika da sheƙa, reshe yana lanƙwasa. Kukansu ba ya tsayawa, in iska ta juyo warin kashinsu har cikin ɗakinmu. Ba wannan ne karon farko da ya yi sheƙa a ƙasarmu ba, kuma iyayenmu sun bar mana yadda ake yi da shi. Ana jira ƙwai ya ƙyanƙyashe, kafin 'ya'yan su yi fiffike sai gari duka ya shiga da ƙugiya da buhu, a jawo sheƙa, a kwashe 'ya'yan. Mata su soya su shanya, a yi wata da watanni ana jefawa a miya. Iyayen in sun ga haka sai su ƙara gaba. Su iyayen ma ba su ne abin tsoro sosai ba, suna iya tafiya nesa neman tsabar ciyawa. 'Ya'yan ne masifa, in suka tashi da yunwarsu fiffikensu bai yi ƙwari ba, abin da ke kusa suke faɗa wa.

Mai unguwa ya ɗebi dattawa suka je wajen Malam neman izinin shiga, tunda kurmin nasa ne. Ina rumfar na kawo fura, na ji da kunnena. Ya tarbe su da fara'a, ya sa aka shimfiɗa tabarma, sannan ya ce:

"Ku yi haƙuri ku ɗan ba ni lokaci. Ba a taɓa rubuta wannan abu da Hausa ba, tun daga ƙwai har tashi, ga shi Allah Ya kawo mini shi har ƙofar ɗaki. In sun tashi iyayensu za su bi, ba za su zauna muku ba."

Mai unguwa ya ce, ranka ya daɗe, namu na nan ba sa bin kowa, gero suke bi. Malam ya yi 'yar dariyar nan tasa mai taushi, irin wadda ake yi wa yaro in ya faɗi shirme. Kashegari ya shiga mota ya tafi gari, ya dawo da ma'aikatan daji biyu cikin kaki, aka zagaya aka shaida wa kowa cewa kurmin yana ƙarƙashin tsaro, wanda ya taɓa sheƙa ɗaya zai gamu da hukuma. Jikin maza ya yi sanyi. Wa zai ja da ɗan gidan sarauta wanda kuma yake magana a rediyo?

Maigidana ne kaɗai ya ƙi haƙura, don shi ne gonarsa take baki da baki da abin. Ya yi sallar asuba ya ɗauki ƙugiya da buhu ya shiga shi kaɗai. Ko rabin buhu bai yi ba ma'aikatan dajin suka kama shi. Na ruga da ɗana Iliya a bayana, lokacin yana jariri, na durƙusa a gaban rumfar Malam gwiwa biyu a cikin taɓo, na ce ya dubi Allah, gero ya kusa, ba mu da wani namiji a gidan. Ko saukowa daga dakalin bai yi ba. Ya ce in tashi, ba abin da za a yi masa, kwana kaɗan ne don saura su ga aya. Ya ma ƙara da cewa furar jiya ta yi daɗi. Aka tasa ƙeyar maigidana zuwa gari ina kallo.

Maigidana yana can a tsare 'ya'yan tsuntsun suka tashi. Gero kuwa ya sha madara, in ka matsa ƙwaya sai farin ruwa ya fito, daidai yadda suke so. Ƙauye ya ruɗe, kowa ya nufi gonarsa. Aka kafa gadaje a kan itatuwa a tsakiyar gonaki, aka ja igiyoyi ta ko'ina, aka rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, aka warware tsofaffin kaset aka ɗaɗɗaura zaren yana walƙiya a rana. Ni da ban taɓa shiga gona ba sai kai abinci, na bar manyan yaran biyu wajen Goggo, na ɗaure Iliya na hau gadon da maigidana ya fara kafawa bai gama ba.

Daga fitowar rana har faɗuwarta ina sama. Sukan taso daga kurmin su yi sama su dunƙule, sannan su zubo gaba ɗaya, kara ya kwanta saboda nauyinsu. In ja igiya, gwangwani ya yi ƙara, in yi ihu, su tashi daga nan su sauka can ƙarshen gona inda muryata ba ta kai. Rana bayan ruwa ta fi ta bazara mugunta, ƙasa tana huci, zufa tana bin bayana tana jiƙa yaron. In ruwa ya sauko ya dake mu tare, ba inda zan ɓuya. Na koyi ba shi nono da hannu ɗaya ina jan igiya da yatsun ƙafa. Kafin mako ya zagayo muryata ta dushe, in na haɗiyi yawu ɗanɗanon jini nake ji, sai na koma jan kuka kawai, dogo, ba kalma a ciki, duk abin da maƙogwaro ya iya fitarwa.

A kan gadon nan na gane abin da kowane manomi ya sani. Ba a korar jan-baki, tura shi ake yi. In ka yi ihu ya tashi daga taka, gonar da ta fi shiru zai sauka. Maƙwabtanmu wani yana da maza biyar, wani shida, ga majajjawa, ga ganga. Tamu mace ɗaya ce da goyo. Duk ihun da suka yi, ni suke turo wa, kuma ban taɓa ganin laifinsu ba, kowa bakin 'ya'yansa yake karewa. Wanda nake gani shi ne Malam, yana zaune a kan dutse kullum da madubinsa da takardunsa, farar rigarsa tana ɗaukar ido. Wata rana har hannu ya ɗago mini.

Da aka sako maigidana ya wuce gona kai tsaye, ko gida bai biya ba. Ya shiga yana taɓa zangarniya ɗaya bayan ɗaya, duk sun zama soshiya, sai ƙaiƙayi yana zuba a hannunsa. Ya dube ni a kan gado, leɓena ya tsattsage, ya ce in sauko hakanan. Ranar bai ci tuwo ba. Hutun Malam ya ƙare, ya loda akwatinsa, ya aiko mini da turmin atamfa wai tukwicin girki. Kafin sanyi ya shigo na kai ta kasuwar Roni na musanya da dawa.

Abin da muka ɗaure bai rufe gindin rumbu ba. Garin duka an taɓu, amma mu aka yi wa ƙarƙaf. Kaka ta zo ba a jin ta, turmi ya yi shiru a gidaje, ba ƙamshin tumu, ba 'yan mata masu tallan gyaɗa. Muka koma tuwo sau ɗaya a yini, da rana a dama ɗan kunu tsararo a ruɗi yara. Da ɗan waken da muka samu ya ƙare sai aka shiga gauraya gari da dusa. Na shanya tafasa da rama da yaɗiya har rufin ɗaki ya cika, don na san abin da ke tafe. Muka sayar da tunkiya, muka bi ta da akuya, sannan tasoshin aurena suka fara fita ɗaya-ɗaya.

Maigidana bai taɓa zuwa ci-rani ba, yana ma yi wa masu zuwa tsiya, yana cewa wanda gonarsa ta riƙe shi me zai nema a garin wasu. Shekarar nan ya naɗe tabarma ya bi ayari zuwa kudu, ya shiga aikin haƙar rijiya. Yakan aiko da ɗan abin da ya samu ta hannun masu dawowa, mu sayi kwaki mu jiƙa. Bazara ta sake kamawa, ina zaune ina fasa aduwa don yara su tsotsa, sai na ga mai unguwa da liman sun yi sallama tare, wani yana biye da su riƙe da jakar maigidana. Rijiya ta rufta da shi. A can aka binne shi, ban san ko da wace irin ƙasa aka rufe shi ba.

Na yi takaba da yunwa. Shuka ta same ni a ciki, maƙwabta suka yi mini gayya suka shuka gonar suka nome, Allah Ya saka musu, da cikinsu ba komai suka yi. Wanda bai sani ba yana zaton rani ne lokacin wahala. Damina ce, lokacin da duniya ta yi kore shar, ruwa yana zuba, tukunya kuwa ba abin sawa. Tafasa ɗanya muke dafawa mu matse mu barbaɗa gishiri, har bayan gidan yara ya koma kore. Goggo takan tura rabonta gaban jikoki ta ce ta ci a maƙwabta, alhali ba inda ta je. Nonona ya ƙafe, Iliya ya tsotsa ya saki ya yi kuka, kai ya yi masa girma, ƙafafu kamar sillen kara. Har yau ban san yadda aka yi yaron nan ya rayu ba.

A cikin daminar nan motar Malam ta dawo. Ya zo gaisuwa, ya tsaya a zaure ya ce Allah Ya jiƙansa, mutumin kirki ne. Sannan ya aiko a tambaye ni ko in na fita takaba zan ci gaba da yi masa girki. Na ce a gaya masa hannuna ya mutu. Tun daga ranar ban sake taka rumfarsa ba, ya yi ta zuwa shekara da shekaru, wasu suna dafa masa. Ni kuma na ɗaura ɗamara na riƙe gonar da kaina, na ƙi aure, na yi taurin kan da har yanzu ake ba da labarinsa a garin nan.

Da abin ya tsaya nan, wataƙila da na bar wa Allah. Sai da Iliya ya shiga sakandare a Kazaure ya dawo hutu da wani littafi, yana ta rawar kai wai na Malam ɗinmu ne, ana karanta musu a aji, kuma akwai ƙauyenmu a ciki. Na ce karanta in ji. Ya karanta yadda tsuntsun yake saƙa sheƙa, da yadda uwa take ciyar da ɗa, da yadda suke dunƙulewa a sama. Gaskiya mutumin ya iya zance, sai ka ce kana gani. Can ya zo wani wuri inda Malam yake cewa abin da ba zai manta ba shi ne wata matar ƙauye a kan gado a tsakiyar gero, da goyo a bayanta, tana rera wa tsuntsaye wata doguwar waƙa tun safe har yamma, wai a nan ya ga yadda mutumin karkara yake zaune lafiya da halittun Allah. Iliya ya ɗago yana dariya ya ce, Inna, ko kin san matar? Na ce ci gaba. Ya karanta har bango. Ba yunwa a ciki, ba kaki, ba mutumin da aka tasa ƙeyarsa. Na tashi na shiga ɗaki, na ce ya Allah kada Ka kashe ni, kada Ka kashe shi, sai Ka nuna mini ranarsa. Littafin nan shi ya ɗaga shi, har Turawa sun zo kallon kurmin.

To, duniya ta juya. Ya yi ritaya, matarsa ta yi doguwar jinya ta rasu, gidan Kano ya tafi a magani, 'ya'yan kowa ya kama gabansa, fansho kuma yau a ba shi gobe a hana. Shekarun baya kaɗan ya tattaro ya dawo ɗaki biyun nan gaba ɗaya. Kurmin da aka ɗaure mutum saboda shi, da bakinsa ya kira masu gawayi suka sare shi tas, ya mai da wurin gona. Bana ya sayar da tsohuwar motar ya sayi taki ya biya masu garma, ya zuba maiwa tun daga gindin dutse har iyakata. Kowa ya san ita ce abincinsa na shekara, ba shi da wata madafa. Ya gaya wa Iliya wai littafinsa na ƙarshe zai rubuta, a kan mutum ya ci abin da hannunsa ya noma.

Sai ga jan-baki. Yanzu ba a nan yake kwana ba, daga bakin dam yake tasowa, amma cikinsa bai canja ba. Mai unguwa na yanzu ya buga waya, aka ce za a turo jirgin feshi, muna nan muna jira har yau. Samari rabi suna acaɓa a Roni da Kazaure, hannu ya yi ƙaranci. Kaset ya ɓace, sai ledoji da tsofaffin faya-fayan sidi ake ratayawa, wani ma lasifika ya ɗaura a kan gawo da batirin mota. Iliya, wanda yanzu magidanci ne da 'ya'yansa, shi yake jagorantar haɗa igiyoyi a ɓangarenmu. Ya same ni ya ce tunda igiyarmu ta kai iyaka, bari ya ƙara tsawonta ta ratsa gonar Malam, jan hannu ɗaya ne.

"Inna, tsoho ne, ba shi da kowa."

"Ni ma ranar ba ni da kowa. In ka rataya ko gwangwani ɗaya a gonarsa, ban yafe maka nonon da ka sha ba, kuma ka san da wuyar da aka same shi."

Ya juya ya fita. Na sa aka kafa mini gado daidai kan iyaka, na hau da gwiwoyin nan nawa masu ƙara, aka yi ta ce mini tsohuwa ki sauko, na ce wanda ya isa ya sauko da ni. Jikoki na jera su ta ɗaya gefen da ganguna da majajjawa, yadda duk abin da ya tashi daga tawa ba shi da hanya sai tasa. Tsofaffin da suka san zancen suka kau da kai. Yara ba su sani ba, kuma ko sun so taimakonsa, kowa yana fama da tasa.

Ina kallonsa ya fito da murfin tukunya da cokali yana bugawa, yana ɗingishi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kafin ya kai can sun sauka nan. Ya yi kwana biyu a haka, a na uku ya dogara sanda ya taho har gindin gadona, rigarsa ta jiƙe sharkaf, numfashi yana fita da ƙyar. Ya yi sallama, na amsa, don sallama ta Allah ce.

"Hajiya Hanne, maƙwabtaka na zo nema."

"Ban je Makka ba, Malam. Da me zan je?"

Ya ce ya san akwai abin da ya taɓa shiga tsakaninmu da daɗewa, ƙuruciya ce da son aiki, in yi haƙuri. Abin da ya taɓa shiga tsakaninmu! Haka ya kira shi, kamar akuyarsa ce ta ci mini shanya. Na ce to, ba zan wahalar da shi ba. Mutumin da ya sa aka ɗaure, wanda ya yi shekaru yana share masa ɗaki yana toshe masa yoyo, ya faɗi sunansa kawai. In ya faɗa, yanzun nan zan kira Iliya ya ja igiya har gindin dutse.

Mutumin da ya san sunan kowane tsuntsu da kowace ciyawa a ƙasar nan ya tsaya yana murza goshi. Ya ce Musa. Ya ce a'a, Isa ne, ko Haruna. A bayansa ina hango su sun zubo a kan maiwar, kara yana kwanciya. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce shekaru sun yi yawa, in tuna masa.

"Yana raye ban taɓa kama sunansa ba, don kunya da girmamawa. Ba zan fara yau saboda kai ba."

Na juya na ja igiyata. Abin da ya ɗan sauka a gefena ya tashi ya bi ta kansa ya faɗa tasa. Ya ja ƙafa ya tafi.

Ba su bar masa ko ta iri ba. Na ji daɗi, kuma duk wanda ya ce mini bai kamata ba, ya fara hawa gado da goyo tukuna ya zo mu yi magana. Mu mun girbe tamu, ba laifi, rumbu ya kai wuya. Iliya ya yi kwanaki ba ya haɗa ido da ni, kuma na lura dami yana raguwa ta bayan rumbu, na san inda yake zuwa. Ban hana ba, ban kuma sa albarka ba.

Jiya da la'asar ina tsince wake aka yi sallama a zaure. Malam ne, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Bai gaishe ni da Hajiya ba. Ya tsaya ya faɗi sunan maigidana, cikakke, har da na mahaifinsa, na san wajen tsofaffi ya bi ya tambayo. Rabon da in ji sunan nan a bakin wani har na manta. Sannan ya ce an gaya masa rasuwa ya yi a kudu, amma bai taɓa tambayar yadda aka yi ya tafi can ba, ko me muka ci bayan tafiyarsa.

Na aika jikata ta kawo masa tabarma, na ce ya zauna. Labarin yana da tsawo, kuma ban yi niyyar rage masa ko kaɗan ba.